Mu da ba Yahudawa ba, ta ina muka shiga alkawarin Ibrahim?

Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, tambayarka ta iso, bari in maimaita ta a taƙaice saboda sauran masu karantawa. Kace wani abokin aikinka ya tare ka da cewa duk alkawuran dake cikin Littafi Mai Tsarki Allah ya yi su ne wa Ibrahim da Bani Isra'ila, kuma Yesu da bakinsa yace ba a aiko shi ba sai ga ɓatattun tumakin gidan Isra'ila, to kai da ba Bayahude ba meye haɗinka da su, wai Manzo Bulus ne daga baya ya buɗe ƙofa da ra'ayin kansa. Kace ka rasa ta cewa.

Toh da farko dai ayar da ya kawo tana nan, Matiyu 15:24 ce, akwai ma 'yar'uwarta a Matiyu 10:5-6 inda Yesu ya hana almajiransa sha biyun nan bin hanyar al'ummai ko shiga garin Samariyawa, don haka kada ka musa masa, mutumin ya karanta. Abin da nake so ka riƙe shine wannan: al'ummai, wato duk wanda ba Bayahude ba, suna cikin alkawarin tun ranar da aka yi shi, kuma sun shiga ne a yadda suke ta wurin bangaskiya ga Almasihu, ba sai sun zama Yahudawa ba, ba kuma a kori Isra'ila don a ba su wuri ba. Yanzu bari mu bi shi daki daki.

Ka buɗe Farawa. Sura 10 jerin al'umman duniya ne, sura 11 hasumiyar Babila ce inda mutane suka warwatse harsuna suka rikice, sai kawai a sura 12 Allah ya kira mutum ɗaya, Ibrahim, yace masa ya bar ƙasarsa da danginsa. Alkawarin yana da ƙasa a ciki, yana da zuriya, amma ƙarshensa a aya 3 shine ta wurinsa dukan kabilan duniya zasu sami albarka. Kuma ba sau ɗaya aka faɗa ba, an maimaita a 18:18 da 22:18, aka sake faɗa wa Ishaku a 26:4, aka sake wa Yakubu a 28:14. Kaga kenan zaɓen mutum ɗaya da gida ɗaya an yi shi ne saboda waɗancan da suka warwatse a sura 11, su ne abin nufi tun farko.

Shi kansa Ibrahim ɗin wanene a lokacin? Mutumin Ur ne ta Kaldiyawa, Joshuwa 24:2 ya faɗa ƙarara cewa mahaifinsa Tera gumaka yake bauta wa. Babu Isra'ila a lokacin, ai Isra'ila sunan jikansa ne da ba a haifa ba tukuna. Yana da shekara 75 ya bar Haran, a sura 15 aya 6 ya gaskata Allah aka lasafta masa wannan adalci ne, sai a sura 17 aka ba shi kaciya yana da shekara 99, Isma'ila yana da 13. Wato aƙalla shekara 13 Ibrahim ya yi yana karɓaɓɓe a gaban Allah ba tare da kaciya ba. A kan wannan lissafin Bulus ya gina Romawa sura 4, yace kaciya hatimi ce a kan abin da ya riga ya samu, shi yasa ya zama uban masu bi marasa kaciya da masu kaciya duka. A Galatiyawa 3:17 kuma ya ƙara da cewa Shari'ar Musa ta zo ne bayan shekara 430, abin da ya zo daga baya ba zai soke wanda aka riga aka tabbatar ba. Ka lura hujjar Bulus daga Attaura ya ɗauko ta, kowa zai iya buɗe Farawa ya duba ko jerin haka yake.

Nasan za a tambaye ka Isma'ila fa. Farawa 17:20 Allah yace ya ji, zai sa masa albarka, zai haifi sarakuna 12 ya zama babbar al'umma, a sura 21 kuma Allah ya ji kukan yaron a jeji. Amma aya 21 ta sura 17 tace alkawarin da Ishaku za a kafa shi. 'Yan'uwanmu Musulmi ba haka suke karanta labarin ba, wannan saɓani ne na gaske tsakanin addinan biyu kuma gara a faɗe shi cikin mutunci ba a ɓoye ba. Sai dai a fahimtar Kirista albarkar da ta bi ta gidan Ishaku ta dukan kabilai ce, har da zuriyar Isma'ila, ba wanda aka ware.

Tsohon Alkawari bai bar maganar a Farawa ba. Ranar da suka fita daga Masar, Fitowa 12:38 tace tarin wasu mutane da ba Isra'ilawa ba sun bi su. Rahab Bakan'aniya ce daga Yariko. Rut 'yar Mowab ce, alhali Maimaitawar Shari'a 23:3 ta hana Bamowabe shiga taron jama'ar Ubangiji, amma ita ce ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dauda. Annabi Yunusa an tura shi Nineba babban birnin abokan gaba, da suka tuba Allah ya yafe musu Yunusa kuma ya yi fushi. Ishaya ne ya fi kowa nisa, a 49:6 Allah yace wa Bawansa komo da kabilan Yakubu kaɗai ya yi kaɗan, zai sa shi ya zama haske ga al'ummai, a 56:7 Haikali zai zama gidan addu'a na dukan al'ummai, a 19:25 kuwa, wadda ni har yau in na karanta sai tsigar jikina ta tashi, Allah ya kira Masar jama'ata, Assuriya aikin hannuna, Isra'ila gādona, ƙasar da ta bautar dasu da ƙasar da ta cinye su da yaƙi a layi ɗaya da su. Amma fa ba zan ɓoye maka ɗayan gefen ba, akwai Ezra 9 da 10 inda aka sa maza suka rabu da matansu baƙi, kuma ƙofar da Shari'a ta bari wa baƙo tana da sharaɗi, Fitowa 12:48 tace baƙon da yake so ya ci Idin Ƙetarewa sai an yi wa mazan gidansa kaciya. To anan ainihin tambayar take. Cewa al'ummai zasu zo, wannan Yahudawan zamanin Yesu da yawa sun yarda, abin gardama shine ta wace ƙofa.

Mu dawo kan Yesu. Ita ayar ta Matiyu 15:24 a tsakiyar labari take, wata Bakan'aniya daga wajen Taya da Sidon ta biyo shi tana kuka saboda 'yarta, ya yi shiru, almajirai suka ce a sallame ta, ya faɗi wannan maganar, ta durƙusa, ya ce ba daidai bane a ba karnuka abincin 'ya'ya, tace haka ne Ubangiji amma karnuka ma suna cin ɓarɓashin da ya faɗo daga teburin iyayengijinsu, sai a aya 28 yace mata bangaskiyarki da girma take, 'yar ta warke nan take. Maganar tana da zafi, bana son masu sassauta ta har ta zama kamar wasa, amma labarin ya ƙare ne da matar ta samu abin da ta zo nema. Shi wannan Matiyun ne ya sa Rahab da Rut a asalin Yesu a sura 1, ya kawo masana taurari daga gabas a sura 2, a sura 8 Yesu ya yabi bangaskiyar hafsan sojan Roma yace da yawa zasu zo daga gabas da yamma su zauna cin abinci da Ibrahim da Ishaku da Yakubu, ya kuma rufe littafin a 28:19 da umarnin a almajirtar da dukan al'ummai. Marubuci ɗaya, littafi ɗaya. Abin da ke nan jeri ne, Isra'ila da farko don su aka ba alkawarin a hannu, sannan ta wurinsu zuwa duniya, kamar yadda Romawa 15:8-9 ta faɗa cewa Almasihu ya zama bawan masu kaciya don ya tabbatar da alkawuran kakanni, domin al'ummai kuma su ɗaukaka Allah saboda jinƙansa.

Zancen wai Bulus ne ya ƙirƙiro, Ayyukan Manzanni bata goyi bayansa ba. Filibus ne ya yi wa ma'ajin sarauniyar Habasha baftisma a sura 8, lokacin Bulus bai ma tuba ba. Sura 10 kuma Bitrus ne, yana kan soro a Yafa yana jin yunwa ya ga wahayin mayafi cike da dabbobin da Shari'a ta haramta, har sau uku ana ce masa ya yanka ya ci yana ƙi, daga nan ya tafi Kaisariya gidan Karniliyas hafsan sojan Roma, da shigarsa ma sai da ya faɗa musu kun san haram ne Bayahude ya shiga gidan wani kabila, yana cikin wa'azi bai gama ba Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu, 'yan'uwa shida da suka rako shi suka yi mamaki, Bitrus yace to wa zai hana ruwa. Da ya koma Urushalima kuma tuhumar da aka yi masa a 11:3 itace ka shiga wurin marasa kaciya har ka ci abinci dasu. Kaga abin da ya fi damunsu kenan, cin abinci a kwano ɗaya.

Mu nan ƙasar Hausa kusan kowane namiji da kaciyarsa tun yana yaro, shi yasa nauyin maganar baya shigarmu sosai. Ga Bahelene ko Barome kaciya abin kunya ce, ga shi babban mutum za a yi wa, kuma ba ita kaɗai ba, Galatiyawa 5:3 tace wanda ya karɓe ta ya ɗauki Shari'a dukanta, abinci, Asabar, idodi, wato ya bar al'ummarsa ya koma wata. Shi yasa da wasu suka zo Antakiya suna cewa in ba kaciya ba ceto, rigima ta tashi sosai har aka yi taro a Urushalima wajen shekara ta 49. Ayyukan Manzanni 15. Bitrus ya yi magana, Barnaba da Bulus suka ba da labari, amma wanda ya yanke hukunci Yakubu ne ɗan'uwan Ubangiji, mutumin da kowa ya san shi da riƙon Shari'a, kuma da Amos 9:11-12 ya kafa hujja. Aka rubuta wasiƙa cewa ba za a ɗora wa al'ummai kaciya ba, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Kuma ko bayan an fahimci gaskiyar, aikata ta bai zo da sauƙi ba, Galatiyawa 2 ta nuna Bitrus da kansa ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya don tsoron baƙin da suka zo, har Barnaba ya bi shi, Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. Shi Bulus ɗin kuma ba gaba yake da kaciya ba, bai yarda a tilasta wa abokin aikinsa Titus ba don Bahelene ne, amma ya yi wa Timoti da uwarsa Bayahudiya ce saboda aikin bishara a cikin Yahudawa.

Akwai abu ɗaya da nake son nuna wa ɗalibai in mun zo Afisawa 2:14, inda aka ce Almasihu ya rushe katangar da ta raba. A Haikalin Urushalima akwai wani ɗan gajeren shinge na dutse da ya raba farfajiyar al'ummai da ta ciki, a jikinsa an kafa alluna da Helenanci da Latin. A 1871 wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Clermont-Ganneau, ya gano ɗaya daga cikinsu, yanzu haka yana gidan tarihi a Istanbul, rubutun yana gargaɗi ne cewa kada baƙo ya ƙetare shingen, wanda aka kama kuwa shi ya jawo wa kansa mutuwar da zata biyo baya. Kuma saboda wannan shingen aka kama Bulus a Ayyukan Manzanni 21, an zaci ya shigar da Tarofimas mutumin Afisa ciki. To ka sake karanta Afisawa 2:12 da wannan a ranka, dā ku baƙi ne ga alkawuran, ba bege ba Allah, yanzu an kawo ku kusa ta jinin Almasihu, a 3:6 kuma aka ce al'ummai magada ne tare, gaɓoɓin jiki ɗaya, masu tarayya cikin alkawari ɗaya.

Yanzu ga inda nake so ka yi hattara, domin mu Kirista mun fi yin kuskure a wannan gefen. Wasiƙar Romawa an rubuta ta wajen shekara ta 57. Kafin nan sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, shine ma dalilin da Akila da matarsa suka koma Koranti a Ayyukan Manzanni 18:2, bayan ya mutu a 54 suka fara dawowa, kuma masana da yawa na ganin sun tarar da ikilisiya ta koma hannun al'ummai har an fara yi musu kallon waɗanda Allah ya gama dasu. Sai Bulus ya kawo misalin zaitun a sura 11. Wanda ya taɓa ganin yadda ake yin mangwaro mai aure ya san reshe mai kyau ake yankowa a ɗaura a kan tushen na gida mai tsami, to Bulus ya juya abin, yace reshen zaitun na jeji aka ɗauko aka ɗaura a kan itace mai kyau, shi da kansa a aya 24 yace wannan saɓanin yadda aka saba ne. Mu ne na jejin. Yace kada ka yi wa rassan fahariya, ba kai ke ɗauke da saiwa ba, saiwa ce ke ɗauke da kai, in Allah bai bar rassan asali ba kai ma ba zai bar ka ba, kuma yana da iko ya mayar dasu. Sura ta fara da tambaya ko Allah ya ƙi jama'arsa, amsa a'a ko kaɗan, a aya 29 kuma baiwar Allah da kiransa basa tashi.

Abin baƙin ciki ikilisiya bata ji wannan gargaɗin ba. Bayan Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, suka kuma murƙushe tawayen Yahudawa ƙarƙashin Bar Kokba a 135, masu bi suka zama kusan duk al'ummai. Wani Markiyon ya ce ma a zubar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ikilisiyar Roma ta fitar dashi wajen 144, wannan daidai ne, amma ra'ayin cewa ikilisiya ta maye gurbin Isra'ila kuma Yahudawa la'anannu ne ya samu gindin zama, shahararren mai wa'azi Yohanna Kirisostom ya yi wa'azozi masu muni a kansu a Antakiya a 386 da 387, a garin da masu bi Yahudawa da al'ummai suka ci abinci tare a dā. Wannan tunanin ya taimaka wajen share fagen zaluncin da aka yi wa Yahudawa a Turai ɗaruruwan shekaru har zuwa kisan mutum miliyan 6 a zamanin Hitila. Sai a 1965 cocin Katolika a takardar Nostra Aetate ta fito fili tace kada a nuna Yahudawa a matsayin waɗanda Allah ya ƙi ko ya la'anta, kuma Romawa 11 ɗin nan ta jingina da ita.

Yau masana tauhidi basu zama baki ɗaya ba. Akwai masu bin koyarwar John Nelson Darby, wadda Baibul mai sharhi na Scofield na 1909 ya yaɗa, su suna raba Isra'ila da ikilisiya gida biyu, kowa da nasa alkawuran, suna jiran cikar alkawarin ƙasa ga Yahudawa a zahiri, kuma wannan ra'ayin ya shigo majami'unmu da yawa ta hannun mishan. Akwai masu cewa jama'ar Allah ɗaya ce tun daga Ibrahim, an faɗaɗa ta ne cikin Almasihu. A kan Romawa 11:26 ma, inda aka ce dukan Isra'ila zasu tsira, wasu sun ce babban juyowar Yahudawa ne a ƙarshe, wasu sun ce ringin masu bi ne cikinsu a kowane zamani, Kalbin kuwa, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, yace dukan jama'ar Allah ne Yahudawa da al'ummai. Ni dai ina tare da masu cewa itacen ɗaya ne, don Bulus bai ce an dasa na biyu ba, kuma ina ganin aya 26 Yahudawa take nufi tunda su ake kira Isra'ila a aya 25. Amma bana yarda a ɗauki wannan a mai da shi lasisin goyon bayan duk abin da gwamnatin ƙasar Isra'ila ta 1948 ta yi, wannan maganar siyasa ce da adalci, kuma akwai Kirista Falasɗinawa a Baitalami da sauran wurare da suke cikin alkawarin nan daidai da ni da kai.

Hukuncin Ayyukan Manzanni 15 ya shafe mu kai tsaye. Shi yasa aka iya fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa har ya fito cikakke a 1932, shi yasa Bahaushe ko Bafulatani ko Bamaguje da ya bi Almasihu ba sai ya bar harshensa da rigarsa da sunansa ya zama Bature ko ɗan wata kabila ba. In kuwa a cocinmu muna yi wa sabon mai bi kallon bare saboda kabilarsa, ko muna ƙin aurar masa da 'ya, to abin da Bitrus ya yi a Antakiya muke yi, kuma mun san abin da aka faɗa masa.

Saura abu ɗaya, shiga alkawarin ba yana nufin kowace aya da ka gani ka ɗauka kace taka ce kai tsaye ba. Galatiyawa 3:14 ta faɗi abin da albarkar Ibrahim ta zama gare mu, wato karɓar Ruhu ta wurin bangaskiya, ga gafarar zunubi da sabuwar zuciya na sabon alkawarin Irmiya 31, wanda da gidan Isra'ila da na Yahuza aka yi shi, Yesu kuma ya ɗaga ƙoƙo a Luka 22:20 yace a jininsa aka kafa shi, ga zama 'ya'ya da magada da tashin matattu. Waɗannan naka ne ba tantama. Amma ɗauki Irmiya 29:11 da ake yawan liƙawa a mota da ƙofar shago, wasiƙa ce aka aika wa kamammu a Babila, aya ta 10 tace sai bayan shekara 70, an kuma ce musu su gina gidaje su dasa gonaki su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su bauta. Zaka iya koyon halin Allah daga ciki ka kuma ƙarfafu, wannan halal ne, amma mai wa'azin da ya karanta maka ita yace kafin ƙarshen shekarar nan zaka samu biza ko ƙarin girma a wurin aiki, ya sa wa ayar abin da babu a cikinta.